Goɗiya Ta Ƙi Fita

Shafi na 19

'Yan zauren nan, ina gaishe ku. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Ba rowa na yi ba, ba kuma data ce ta ƙare min ba. Shafin nan ne na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, don wallahi har yanzu in na tuna ranar sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska. Mai son dariya ta yi abarta tun daga farko, can gaba babu wurinta.

Wadda ta shigo yau, ga inda muke. Maigidana shi ne autan gidansu, safiyo ne, awon filaye shi ne abincinsa. A gidan iyayensa muke zaune, da Inna, da Baba wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar ta ɗauke masa magana, da kuma yayarsa da ta dawo gida tun rasuwar mijinta, tana ɗinki a ɗakinta na bakin get. A ƙuryar tsakar gida akwai Goɗiya, tsohuwar jif ɗin Baba, irin mai ja da tayoyi huɗu, wadda ta yi shekara da shekaru a kafe har kaji na ƙwai a cikinta. Ita Auta ya ci alwashin tayarwa da hannunsa, don ya kai Baba ya ga gonarsa ta kan tudu, inda ƙaramar mota ba ta hawa. A shafin da ya wuce inji ya tashi. Yau za a fitar da ita.

*

Ni na tara mutane, ba wanda ya aike ni. Tun da safe na bi gida-gida ina cewa a zo a ga abin arziki, na kira 'yan gidanmu a waya na ce wanda bai zo ba kada ya ce ban faɗa masa ba. Har sabon mayafi na yafa, kamar ni na ƙera motar.

Ita kuwa Goɗiya ta yi kyau, ba ƙarya. Koren fenti sai ɗaukar ido yake, sabon tamfol a sama, kushin da Yaya ta ɗinka da hannunta ya zauna ɗas a kan kujeru. Wanda ya san ta lokacin da tsatsa ta cinye ta, tayoyinta a binne cikin siminti, ba zai ce ita ce ba.

Auta ya fito da farar riga yana zagaya ta, yana bayani kamar mai tallan magani.

"Bambar bayan nan da kake gani," ya ce wa Mai Walda, maƙwabcinmu, "a lotse na same ta. Yini na yi ina bugu, Yaya na riƙe min. Shafa ka ji."

Mai Walda ya shafa ya jinjina kai.

"Birkin hannu kuwa, kar ka so ka ji yawon da na sha wurin 'yan gwangwan kafin in samu. Na asalin, wani ne ya sa zarto ya yanke shi tun daga gindi. Har yau ina mamakin wane jahili ne ya yi wannan aika-aika."

Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa kan kujerar da muka fito da shi, bargo a cinyarsa. Hawaye na bin gefen fuskarsa.

Auta ya taɓo ni. "Kin gani ko? Kullum ya ga ina aikin nan sai ya yi kuka. Murna ce."

"Allah sarki Baba," na ce, har da ɗaukarsa a waya.

Can sai ga Yaya ta fito daga wajen famfo, tana jan ƙafarta ta hagu kamar kullum, ƙafar da aka ce ta faɗo daga bishiya tana yarinya.

"Yaya, ki ɗaga ƙafa mana," in ji Auta. "Sai rana ta faɗi kafin ki iso?"

"Ka tausaya wa mai ƙafa ɗaya, mara kunya."

"Ƙafa ɗayar da ta fi nawa biyun yawo?"

Ta jefe shi da ƙyallen da ke hannunta tana dariya. Haka suke kullum. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya saci kallon ƙafar Yaya ya kawar da kai, har ni lokacin da aka kawo ni. Auta kaɗai ke tsokanarta da ita, ita kuma a wurinsa kaɗai take dariyar abin.

Gidan namu gangare ne daga ƙurya zuwa get. Goɗiya da kai ta shiga, don haka da baya za ta fita, ta bi ta lungun da ke tsakanin katangar maƙwabta da ɗakin Yaya.

Auta ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya sake, sannan ya kama gurnani. Yara suka sa ihu, mata suka hau tafi. Ni kuwa baki har kunne, waya a sama.

Ya sauke birkin hannu. Motar ta fara sulalowa da baya.

Mai Walda ya tsaya a baya yana ɗaga hannu. "Taho. Taho. Karya kaɗan. Taho."

Na hango Yaya a ƙofar ɗakinta ta ƙanƙame ƙyaure da hannu biyu, leɓɓanta na motsi, idonta kyam a kan bambar da ke nufo ta. Na ɗauka bangonta take jiye wa.

"Taho. Taho. Tsaya! Tsaya, Safiyo!"

Ƙiris ya rage kusurwar motar ta daki kusurwar ɗakin.

"Ka yi gaba ka daidaita," in ji Mai Walda.

Ya yi gaba, ya dawo. Wannan karon katangar maƙwabta ce ta kusa kankare masa fenti. Ya sake gaba, ya sake dawowa. Tafi ya fara raguwa. Ya sauko ya cire madubin dama, ya cire na hagu, ya koma ya gwada. Ina! Ba madubi ba ne, jikin motar ne kacokan ya fi lungun faɗi.

Tsit aka yi, sai gurnanin inji.

Mai Shago, wanda bakinsa ba ya shiru ko a gidan gaisuwa, ya gyara murya.

"Safiyo, ina tef ɗinka?"

Wata daga cikin 'yan gidanmu ta ƙyalƙyale, sauran suka ɗauka. Na sauke wayata a hankali na tura ta cikin mayafi.

Auta ya shiga ɗaki ya ɗauko tef ɗin aikinsa. Mutumin da ke auna wa gari guda filaye, wanda ya auna kowane noti da kowace waya a jikin motar nan, ya durƙusa da farar rigarsa a gaban jama'a yana auna lungun gidansu. Ya auna lungu, ya auna mota, ya sake auna lungu. Zufa ta jiƙa masa baya.

"Ya ake ciki?" in ji Mai Walda.

"Ya gaza da kamar taƙi guda."

"To ba ka auna ba tun farko?"

"Yadda ta shiga ai haka za ta fita."

"Lokacin da ta shiga ai babu ɗakin nan," in ji Mai Shago. "Kana can wajen karatu tsohon ya gina shi. Ni na sayar masa da ƙusoshi."

Nan fa kowa ya zama injiniya.

"A sace iskar tayoyin."

"Kai, faɗi ake magana, ba tsawo ba."

"A kawo motar ɗaga kaya ta tsallakar da ita ta saman katanga."

"Wayoyin wuta fa? So kake a ƙona unguwa?"

"A sake kwance ta ɗaya-ɗaya, a fitar a haɗa a titi."

"Sai jikokinsa su tuƙa ke nan."

Aka sake kwashewa da dariya. Na dubi maigidana tsaye da tef a hannu, ya yi tsuru-tsuru, na dubi 'yan gidanmu suna rufe baki da gefen mayafi. Kunya ta rufe ni. Kuma kun san kunya in ta yi wa mutum yawa, sai ya nemi wanda zai sauke wa.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Maigida, wai ba bango ɗaya ba ne? A sauke shi mana. Yaya ta koma ɗakin Inna kafin a ga abin da za a yi."

Ni na faɗa. Da wannan bakin nawa.

Ya dube ni, ya dubi bangon. Ya koma ciki ya matsar da motar gaba kaɗan, ya ja birkin hannu ƙarrr, na ga Yaya ta zabura da jin ƙarar. Ya kashe inji ya sauko ya nufe ta.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"Ɗakin nan ne matsalar."

"Na gani."

"Bango ɗaya kawai za a sauke."

"Wanda ke riƙe da rufin?"

"Sai ki koma wajen Inna na ɗan lokaci."

"Keken ɗinkina fa? Masu kawo min aiki ta tagar nan suke miƙo shi."

"Haba Yaya! Keke ai ko a baranda aka ajiye shi zai yi ɗinki."

"Auta, ka bari mutane su watse mu yi magana."

"Wace magana kuma? Kina ganin irin wahalar da na sha a kan motar nan. Ke dama ba ki taɓa damuwa da ita ba. Ko shigarta ba ki taɓa yi ba, ban da ta taga da kika miƙa kushin. Ba ki san abin da take a wurinmu ba!"

Yaya ta dube shi.

"Haka ne," ta ce. "Ban san ta ba."

"Shi ma wanda ya zo ya gina ɗaki a kan hanyar mota, ai bai yi tunani ba," in ji Auta.

Sandar Baba ta faɗi ƙasa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Auta ko waiwayawa bai yi ba, ya riga ya sa waya a kunne.

"Magini? Kana kusa? Ka zo min da babbar guduma yanzu-yanzu."

Yaya ta shige ɗakinta ta saki labule.

Daga bayanmu muka ji muryar Inna. Ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

"Jama'a, mun gode, Allah ya ba da lada. A je a huta. Auta, zo nan. Amarya, ke ma."

Haihuwata uku a gidan nan amma har yau Amarya take kirana. Ranar dai da na ji sunan, gabana ne ya faɗi.

*

Inna ta zauna a bakin gado. Muka zauna a ƙasa.

"Saki labulen."

Na saki.

"Inna, in dai maganar ɗakin ce, ni zan sake gina mata wanda ya fi..."

"Wa ya yanke birkin hannun da kake ta zagi?"

Auta ya yi sororo. "Ban sani ba, Inna. Wataƙila wani bakanike ne."

"Ubanka ne."

"Baba?"

"Shi ne jahilin. Da zarton kafinta ya yanke shi, ina tsaye. Simintin da ka fasa a tayoyin, wa ka zaci ya zuba?"

Auta ya girgiza kai.

"Shi ne. Ɗakin da ka ce wanda ya gina bai yi tunani ba, da igiya ya auna lungun nan kafin ya ɗora bulo na farko. Ya auna motar, ya auna lungun, ya rage taƙi guda. Shi bai je makarantar awo ba, amma da gangan ya yi."

"Don me, Inna? Motar da yake ji da ita? Motar da ya ciyar da mu da ita?"

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Lotsawar nan ta bambar baya."

"Na'am."

"Wadda ka sa yayarka ta riƙe maka kana bugu."

"Na'am, Inna."

"Me ka zaci ta buga?"

"Na ɗauka ginshiƙin get ne."

"Ginshiƙin ne. Da abin da ke tsakaninta da ginshiƙin."

Ban gane ba. Shi ma bai gane ba.

"Auta, tunda ka yi wayo, ka taɓa ganin bishiya a gidan nan?"

"A'a."

"To daga kan wace bishiya yayarka ta faɗo?"

Innalillahi. Auta ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Motar ce ta..."

"Ita ce."

"Baba ne ya take ta? Shi ya sa ya daina tuƙi? Wayyo Baba. Shi ya sa..."

"Ubanka yana bakin famfo yana wanke baƙin mai a hannunsa."

"To wa ke cikin motar?"

Inna kallonsa kawai take.

Ni na riga shi ganewa. Na sa hannu na toshe bakina.

"Inna, wa ke ciki?"

"Kana ɗan mitsitsi, ko makaranta ba a sa ka ba. Kullum ya dawo aiki sai ya ɗora ka a kujerar direba, kana murɗa sitiyari kana yi mana kukan mota da baki. Birkin nan haƙoransa sun cinye, taɓawa kaɗan yake jira. Kullum ubanka sai ya ce gobe zai gyara. Ranar ka rataya a jikinsa, ya sauka."

"Inna..."

"Ka fi kowa sanin gidan nan gangare ne, kai ne mai awo. Get a buɗe, titi ga manyan motoci na wucewa. Yayarka na shanya. Ta ɗago ta ga mota na tafiya da ƙaninta. Yarinya ce, ta zaci za ta iya tare ta da hannu. Ta ruga bayanta ta dafe. Motar ta karkace ta yi kan ginshiƙi da ita."

Auta ya dafe kansa da hannu biyu.

"Da muka iso, kai dariya kake. Ka zaci tuƙi ka yi."

Ban taɓa jin kukan maigidana ba sai ranar. Ba irin na ihu ba ne, numfashi ne ke fita yana sarƙewa. Farar rigar nan da ya sa don a gan shi, ita ya ja ya rufe fuska.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Ita ta hana. A gadon asibiti, ƙafa a naɗe, ta kama hannun ubanka ta ce, Baba kada a gaya wa Auta, zai daina wasa da ni. Ya rantse mata, ya sa ni ma na rantse. Muka ƙirƙiro bishiya."

"Ya sayar da motar mana."

"Na ce ya sayar. Ya ce a'a, shi ya bar ka a ciki, shi ya ƙi gyara birki, don haka shi ya kamata ya riƙa tashi yana ganinta kullum. Amma ya ce ba za ta ƙara motsawa ba yana raye."

"To me ya sa kuka bar ni na taɓa ta? Kuna gani ina fasa siminti, kuna gani ina..."

"Ranar da ka ɗauko guduma na fito zan hana ka. Yayarka ta tare ni a ƙofar nan ta ce, Inna ku bar shi, yana jin daɗi. Ni kuma na ce a raina, ai ga ɗaki nan, ba inda za ta je, bari yaro ya yi wasansa. Ban san ɗan da na haifa zai iya buɗe baki a gaban maƙwabta ya ce a rushe wa yayarsa wurin kwana ba."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Kukan da Baba ke yi fa?"

"Kai ka ce murna ce. Shi ba shi da bakin da zai ce maka a'a."

Na tuna hoton da na ɗauka ɗazu, har na tura wa 'yan gidanmu da rubutu a ƙasa wai hawayen farin ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta juyo kaina.

"Ke kuma Amarya, idona bai mutu ba tukuna. Na ga bakinki a kunnensa."

"Inna, ki yafe min."

"Ba ni kika yi wa ba. Wa ya zauna da ke a asibiti haihuwarki ta fari, a tsaye kan ƙafar nan?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

"Yau na karya rantsuwa," in ji Inna, "don na ga in ban karya ba za ka yi abin da ba zai gyaru ba. Yanzu ka tashi ka sallami maginin nan. Ka ce ka fasa. Ka wanke fuskarka, ka je ka ba ta haƙuri kamar yadda ƙani ke ba yayarsa, ka tsokane ta kamar kullum."

"Ba zan iya ba, Inna."

"Dole ka iya. In ta gane na gaya maka, ni da ita har abada. Kana jina? Ba ka san komai ba."

"Ta ya zan kalle ta?"

"Yadda ka saba kallonta."

DUM!

Ɗakin ya amsa. Muka dubi juna.

DUM!

Auta ya miƙe har yana tuntuɓe da ni. Na bi bayansa, Inna na biye da mu.

*

Jama'a sun watse, saura Mai Walda da Magini. Keken ɗinkin Yaya na tsakar gida, ga katifarta a jingine da bango, ga ƙullin kayan mutane a kan tabarma, ga akwatin marigayi mijinta. Magini na tsaye hannu rabbana, yana ta sosa ƙeya.

Gudumar tana hannun Yaya.

Ta ɗaga ta da ƙyar, ta dogara kan ƙafarta mai lafiya, ta sauke a kan bangon ɗakinta. Filasta ta zubo. Ƙura ta bi mata ɗankwali.

"Wallahi ni ban ba ta ba, ƙwacewa ta yi," in ji Magini. "Ita ta sa muka fito da kayan."

"Yaya!" Auta ya ruga. "Yaya, ki bari! Na fasa!"

Ta juyo tana haki, har da murmushinta.

"Ka fasa me?"

"Komai. Ba za a taɓa ɗakinki ba. Motar ta ruɓe a nan, ban damu ba."

"Ni na damu. Ka zaci don Allah na zauna na ɗinka maka kushin kyauta?"

"Yaya..."

"Tunda na dawo gidan nan, duk safiya na ɗaga labule ita nake fara gani. Na gaji da ita, Auta, ta tare min iska. Ka fitar da ita ka kai Baba gonarsa. In kun dawo ka nema mata wurin kwana a wani wajen."

"Ina za ki kwana ke?"

"Wajen Inna mana, ba haka kuka tsara ba kai da Amarya?"

Ta faɗa ne tana dariya, ba da zafi ba. Da ma ta mare ni, da ya fi min sauƙi.

"Yaya, don Allah ki yafe min abin da na faɗa ɗazu," in ji Auta.

"Kai, rabu da ni. Yau ka fara rashin kunya? Zo ka karɓa, hannuna ya gaji." Ta miƙa masa gudumar. "Ka tausaya wa mai ƙafa ɗaya."

Ta tsaya tana jiran amsarsa.

Ni ma jira nake. Inna a bayana, na ji ta riƙe numfashi. Amsar nan ya san ta, ya faɗe ta ɗazu da safe, ya faɗe ta tun yana yaro. A raina ina ta cewa, faɗa mana, Maigida, faɗa mata ta fi naka biyun yawo.

Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito.

Sai idonsa ya sauka. Ya bi zaninta a hankali har ƙasa, ya tsaya a kan ƙafar hagu, a kan siririyar ƙafar nan da ta karkace cikin takalmin roba.

Murmushin Yaya ya ɗauke.

"Auta."

Bai ɗago ba.

"Auta, ɗago idonka."

Hawaye ya ɗiga a kan simintin da ke tsakaninsu.

"Me kake kallo?"

"Ba komai, Yaya."

"Ƙarya kake. Duk duniyar nan kai kaɗai ne ba ka taɓa yi wa ƙafar nan wannan kallon ba."

Ta saki gudumar ta faɗi. Ta tsallake shi da ido, ta tsallake ni, ta tsaya a kan Inna.

"Inna. Me kika gaya masa?"

"'Yar nan, ki saurare ni..."

"Kin rantse."

"Zai rushe miki ɗaki."

"Ɗaki? Ɗaki bulo ne, Inna! Ƙafa motar nan ta ɗauka na bar mata, ban ce komai ba. Yau kuma kin ba ta ƙanina."

Auta ya zube a gabanta ya kai hannu zai kama ƙafarta. Ta ja da baya kamar wuta ce.

"Kar ka soma."

Ta juya. Na zaci ɗakin Inna za ta shiga, ko ta fita get. Sai na ga ta haura gangaren tana jan ƙafa, ta wuce keken ɗinkinta, ta wuce Baba da ke ta ƙoƙarin ɗaga hannu, ta tsaya a jikin Goɗiya.

Ta buɗe ƙofar direba.

Matar da ba ta taɓa shiga motar nan ba ta kama sitiyari ta ja jikinta sama, ta sa hannu ta ɗago ƙafar hagu ta shigar, ta zauna a kan kushin da ta ɗinka. Ta rufo ƙofa.

Bayan motar na kallon bangon ɗakinta. Tsakaninsu ba komai sai gangare, da mu.

"Yaya, me za ki yi?" Auta ya miƙe. "Ba ki iya ba! Yaya!"

Ta leƙo ta taga ta dube shi. Hannunta na kan sabon birkin.

"Kai da ka yi, ka iya ne?" ta ce. "Ku kauce."